Allah Ya Kawo Mana Ɗan Birni

Mu mutanen Haɗejia Allah Ya hore mana idon gane ɗan birni tun bai buɗe baki ba. Mota wankakkiya, shadda ta sha sitaci, rufaffen takalmi a ƙasar da kowa ke yawo da silifa saboda laka, ga robar ruwa a hannu don an gaya masa ruwanmu sai mu. Yana sauka zai ɗaga waya sama ya ce, "Malam, akwai sabis a nan kuwa?" Shi ke nan, ya gama gabatar da kansa. Kafin a kira la'asar duk majalisun gari sun san abin da ya kawo shi, da gidan da ya sauka, da yawan matansa, da kuɗin da ke asusunsa, kuma rabin wannan labari mu muka ƙera shi da bakinmu, sauran rabin kuma direban da ya kawo shi ne ya taimaka.

A wajenmu duk ɗan birni Bakano ne. Ko daga Kaduna ya zo, ko daga Abuja, ko Zariya ce ta haife shi, in dai yana sauri kuma yana duba agogo, to Bakano ne, sai dai ya yi haƙuri. Akwai ma'aikacin da aka turo banki ko babban asibiti, akwai malamin da ya samu koyarwa a kwalejin Binyaminu Usman ko jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, akwai ɗan kasuwar da ya biyo riɗi da shinkafa, akwai kuma babban baƙonmu, Alhajin da ya ji labarin fadama ya zo noma. Waɗanda tashin hankalin Borno da Yobe ya koro mana su kam ba sa cikin wannan lissafi, su mun san abin da ya raba su da gida, bakinmu ba ya taɓa su. Raharmu a kan wanda ya zo da ƙafarsa ne da jakarsa.

Laifinsa na farko gaisuwa. Mu idan muka tsaya gaisawa sai mun tambayi gida da iyali da gajiya da aiki, mu tambayi ruwa, mu tambayi sauro, mu koma kan gida kuma, ko da kuwa jiya da daddare muka rabu. Shi kuwa "lafiya lau, ya ne?" zai ce, idonsa na kan waya, ƙafarsa ɗaya ta riga ta yi gaba. Sai mu bi shi da kallo mu ce girman kai ne. Laifinsa na biyu katanga. Yana sayen fili, kafin ya haƙa tushen ɗaki ya zagaye shi da bulo, ya kafa ƙyauren ƙarfe, babu zaure, babu dakali, balle mutum ya samu inda zai zauna ya ji abin da ake dafawa. Laifinsa na uku wayo, wanda ba mu taɓa kama shi yana yi ba, amma mun tabbata yana nan tafe. Na huɗu kuma, wanda ya fi kowanne yawo a baki, shi ne ya tsadar da gari: haya ta hau, fili ya hau, kifi ya hau, har ɗan acaɓa ya koyi faɗin kuɗi ba kunya.

To, a nan ne ake so a rage murya, don laifi tudu ne. Wa ya sayar masa da filin? Wa ya ce wa mai gidan haya, "Kai, Bakano ne fa, kada ka yi masa kuɗin 'yan gari"? A kasuwar kifinmu, wadda sunanta ya kai har kudu, kowane kwalin banda yana da kuɗi biyu, na wanda ya yi sallama da muryar gida da na wanda ya ce "nawa ne wannan?" yana nuni da makullin mota. Tarwaɗar da za a bar wa maƙwabci a yi masa gyara, ita ce za a rantse wa baƙo cewa yanzun nan wani ya taya aka hana. Ya biya, ya yi godiya, ya tafi yana murna ya samu arha, don a Kano ta fi haka. Mu kuma da yamma mu zauna mu ce wallahi mutanen nan sun lalata mana kasuwa, talaka ba ya iya cin kifin garinsu. Mai faɗin haka da ƙarfi, in ka duba aljihunsa, kuɗin Bakanon ne a ciki.

Cinikin gona kuwa shi ne gwanintarmu. Ba a kai ɗan birni ganin fadama sai da rani, wajen Maris, lokacin da ƙasa ta kwanta shimfiɗe, baƙa wuluk, ga alkama ta yi zangarniya a gonar maƙwabta. Alhaji ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce, "Ruwa ba ya zuwa nan dai ko?" Dillali ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Alhaji, bana ko ɗigo bai zo ba." Kuma bai yi ƙarya ba, bana ɗin watanta uku. Shaidu mu ne, muna tsaye muna gyaɗa kai, kowa ya san tsayin da ruwa ke kaiwa a jikin bishiyar da Alhaji ya jingina. Sai Satumba ta kama, a ɗauko shi a kwale-kwale, mai tuƙi ya tsayar da gora a tsakiyar ruwa ya ce, "Alhaji, ai mun iso, nan ce taka." Mu kuma mu tarbe shi a bakin gaɓa da fuskar jaje, Allah Ya mayar da alheri, noma ai sai haƙuri. An ce baƙo ko da ido makaho ne, amma ba a faɗi abin da ya kamata a kira ɗan jagoran da ya san ramin ba.

Irin waɗannan baƙi sun yawaita ne tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafar gida ta yi daraja, duk mai ɗan abin hannu a birni ya tuna cewa kakansa manomi ne. Kafin nan ma, a 2016, kamfanin Dangote ya fara shirin noman shinkafa da manoman yankin nan, kuma a ƙarshen 2023 a ƙasarmu aka ƙaddamar da noman alkamar rani na tarayya. Sunan Haɗejia ya shiga rediyo da talabijin, sai ga manoman waya. Manomin waya shi ne wanda gonarsa ke Auyo, shi yana Nasarawa ta Kano ƙarƙashin fanka, yana turo kuɗi yana cewa, "A turo min hoto." Mu kuwa ba ma ƙin turawa. Gonar da ta fi kyau a layin ita ake ɗauka, ko ta wace ce. Buhun taki goma in ya taso daga Kano, bakwai ne ke isa gonar, ukun sun tsaya gaisawa da 'yan'uwa a hanya. Bai san cewa dole a ware kuɗin yaran da za su kwana a gona suna kaɗa gwangwani ba, sai ranar da janbaki suka sauka da asuba suka yi masa girbi kyauta. Bai san kacala ba, ya ɗauka ciyawa ce da za a nome sau ɗaya a huta. Idan lissafi ya ƙi fita ya zo da littafinsa yana tambaya, sai mu ce masa, "Alhaji, ai gona ba ta son biro." Zuwa da kai dai ya fi aike, amma ba mu ne za mu tuna masa ba.

Sai dai fa, in za a faɗi gaskiya a gama, abubuwa da yawa da muke taƙama da su yau a bayan motarsa suka zo. Ranar da ya kafa faifan sola a bakin rijiya mun yi dariya har da riƙe ciki, muka ce Alhaji zai yi ban ruwa da madubi. Da aka cire tallafin fetur a 2023, injin ban ruwa ya fara cin kuɗi fiye da iyali, wasunmu suka koma jona masa tukunyar gas, wasu kuma suka lallaɓa da daddare suna tambayar Alhaji inda ya sayi madubin nan nasa. Injin girbi ma haka, mun ce zai zubar da rabin shinkafa, yanzu layi muke bi. Kuma 'yan ƙwadago sun fi son aikinsa, don shi yana biya ranar da aka yi, ba ya cewa a bari sai an sayar da shanshera. Wannan ma mun sa shi cikin laifuffukansa: ya ɓata mana 'yan aiki.

A cikin gida ma labarin ɗaya ne. Matarsa, Hajiyar birni, ba ta shiga maƙwabta, ba ta aiko yaro aron rariya, tana girki a kan gas ba hayaƙi balle a san ko ta ɗora, don haka mata suka yanke hukunci cewa rowa ce da ita. Amma ranar suna duk ido na kan ɗinkinta, kafin sati biyu telan unguwa ya ɗinka irinsa guda nawa, kowace ta ce ita ta fara gani a waya. Yau ana cewa ba ta san mutane ba, gobe an aika, "Wai in ji Umma, don Allah Yaya Hajiya yaya kike haɗa miyar nan ta rannan?" Ba a jima ba sai ga shi ita ce uwar adashi, ita ke kawo atamfa da turare daga Kano ana ɗauka bashi, kuma ita ce ba ta isa ta tambayi kuɗinta ba, don in ta tambaya za a ce halin 'yan birni ya motsa.

Kada a ɗauka ƙorafinmu duka raha ne, akwai mai tushe, kuma tushensa ruwa. Kogin nan da muke rayuwa a kansa daga ƙasar Kano yake gangarowa. Da can ruwa yakan zo da damina ya malale fadama, ya ja da baya a kan lokacinsa, masunci ya yi su, manomi ya bi danshi ya shuka, Bafulatani ya shigo da shanu bayan girbi, kowa da zangonsa. Aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, sai ragamar kogi ta koma hannun masu makulli. Malalen damina ya ragu, ruwa ya koma bin hanya rani da damina, kacala ta samu wurin zama ta toshe magudanai, inda ake son ruwa ya ƙi zuwa, inda ba a so ya kwanta shekara, tsuntsaye kuma suka samu masauki a cikinta. Hukumar da ke kula da kogin sunanmu ne a goshinta, Haɗejia da Jama'are, amma hedikwatarta tana Kano. Wannan kaɗai ya ishe mu hira har asuba.

Abin dariyar shi ne yadda muke karɓar bashin. In kogi ya ƙafe, Kanawa sun riƙe mana ruwa. In ya cika ya tumbatsa, Kanawa sun sako mana ruwa. Kuma ba injiniyan dam muke tarewa da maganar ba, a'a, wani bawan Allah ne mai sayar da cajar waya a bakin tasha, wanda ko hanyar Tiga bai sani ba, shi za a ce wa, "To, kun kyauta, kun sako." Shi ma don a zauna lafiya sai ya ce, "A yi haƙuri." Ba ma kawo zancen wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa, ko wanda ya fasa gaɓa da daddare don ya ja ruwa gonarsa, ko madatsar da ke kusa da Auyo wadda ruwan dam ɗin nan ne ke cika ta muke noman rani. Waɗannan a bar kaza cikin gashinta.

Sai tarihi, wanda kowane baƙo sai ya sha shi kafin ya cika sati. Za a zaunar da shi a tambaye shi, cikin ladabi, shekarar da Turawa suka ci Kano. In ya yi shiru a tuna masa 1903 ce. Sannan a gyara zama a ce Haɗejia kuwa sai 1906, kuma Sarki Muhammadu bai gudu ba, a cikin garinsa ya yi shahada. A kawo masa Sarki Buhari, wanda a tsakiyar ƙarni na 19 ya ƙi bin Sakkwato ya kuma hana gabashin Kano barci. A tuna masa Garun Gabas tana nan kusa da Malam Madori, Biram ce ta cikin Hausa Bakwai, don kada ya ɗauka jiya muka zo. A ƙarasa da gyaɗar da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa daga tashar Malam Madori zuwa Kano. Mai ba da wannan darasi da zafi, in ka bincika, ɗansa na Jami'ar Bayero, kuma gobe da asuba zai bi motar Kano.

Don kuwa mu da Kano, faɗan na baki ne. A 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, muka yi murna mun samu 'yanci, sannan manyan ma'aikatanmu da yawa suka bar iyalansu a can, Litinin a taho aiki, Juma'a a koma gida. Lefe in ba daga Kantin Kwari ya fito ba, dangin amarya sai sun yi magana. Waya sai Farm Centre, kayan shago sai Singa, riɗinmu sai ya je Dawanau yake sanin darajarsa, ciwo in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce a tafi Asibitin Malam. Muna cewa Bakano ba abin yarda ba ne, amma ranar da ya aiko neman 'yarmu bincike ba ya wuce kwana biyu, kuma shekara guda uwar tana sako zancen a kowace hira, "Ai ita Kano aka kai ta." Bahaɗejen da Allah Ya buɗa wa, filin farko da zai saya a Kano ne, can wajen 'Yankaba a kan titin Haɗejia, wai don ya riƙa ganin motocin gida suna lodi.

Ga kuma abin da ba ma son a tono: da yawa daga cikin Kanawan nan namu ne. Yaron da aka haifa a cikin ganuwa, ya tafi karatu, ya yi aiki shekara talatin, ya yi ritaya ya ce bari ya dawo gida ya huta. A can duk zamansa ana kiransa ɗan Haɗejia, ya dawo nan mun sa masa Bakano. Ya gyara gidan ubansa, mun ce ya zo nuna mana kuɗi, in bai gyara ba mu ce ya manta asali. 'Ya'yansa in sun zo hutu suna tsallen tsoron kwaɗi, suna kuka da sauro, mu kuma muna ta tsokana, alhali jikokinmu ne. Kwaɗin ma ai ba mu da bakin magana a kansu, tunda mu ne ke kama su mu busar mu cika buhuna ana lodawa kudu, muna rantsuwa cewa mu ba ma ci. Ba a taɓa jin mun ce baƙon da ke sayen kwaɗi ya ɓata gari ba.

Idan muka fita kuma, sai mu ga yadda abin yake da ciwo. A 2019 jami'an Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da mutanen Jigawa 123 da baburansu, ba don sun yi komai ba sai don an ga baƙin fuska da yawa, daga baya aka sake su. Ranar duk majalisa ta ɗauki zafi, yaya za a wulaƙanta mutum don ya je neman halalinsa a ƙasarsa? Magana ce ta gaskiya. Muka gama ta, muka juya kan Bakanon da ya kama shago a bakin kasuwa, muka ce waɗannan in ba a yi hankali ba sai sun ƙwace garin. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Kuma tsanin bai ƙare a kanmu ba. Je ka Guri ko Kiri Kasamma ko Birniwa ka ji yadda ake ba da labarin mutumin cikin garin Haɗejia: ɗan birni ne, ga wayo, ga gajeriyar gaisuwa, ya zo ya sayi kifi da arha ya kai kasuwa ya ninka. Duk abin da muka ɗora wa Bakano, akwai wanda ya ajiye mana irinsa a ƙauye, har da gyara. Ƙasar da ta tara Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa da Gizimawa da Auyokawa, in aka ce kowa ya koma inda kakansa ya fito, ban san wanda zai rage ya kashe fitila ba.

Mai raba wannan gardama shi ne kogi. Shekarar 2020 da ta 2022, da ruwa ya taso ya tunkaro gari, ba wanda ya tambayi wani asalinsa. Aka fito jinga dare da rana, matasa na cika buhu da ƙasa, dattawa na addu'a da ba da umarnin da ba a bi, mata na aiko da abinci. A nan muka ga Alhajin da muke cewa ba ya iya taka laka ya naɗe wando har gwiwa yana saɓa buhu, wanda ƙarfinsa bai kai ba ya aiko da buhuna da burodi da man mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gidansa mai katanga ma a bayan jingar yake. Tun daga lokacin sunansa ya tashi daga "Bakanon nan" ya koma "Alhajinmu", aka fara gaya masa kuɗin kifi na gaskiya, ko dai kusa da na gaskiya.

An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma raɓar da muke samu a nan ba ta bushewa, zama take yi. Za ka gane ya gama zama namu ranar da ka same shi a majalisa ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa, gaisuwarsa ta kai minti biyar, ya ga wata wankakkiyar mota ta wuce ya taɓe baki ya ce, "Mutanen nan za su tsadar mana da gari." Kuma in Maris ta zo, shi da kansa zai ɗauki sabon baƙo daga Abuja ya kai shi ganin wata gona mai albarka, baƙa wuluk, wadda bana ko ɗigon ruwa bai je ba. Mu ne shaidu, kuma Alhaji ya riga ya san ba a hana shaida la'ada.